Yadda Za Ka Horar da Ido da Kunne Don Tara Hankali Wuri Guda

Koken iri ɗaya ne, masu kawo shi ne suka bambanta. Ɗalibi ya ce yakan karanta shafi guda sau uku, ya rufe littafi bai san abin da ke ciki ba. Mai shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi ya ce yana ƙirga kuɗi sai ya ɓata lissafi ya koma farko. Uwa ta ce ta zuba gishiri sau biyu a miya. Mafi yawa kuwa a kan salla suke kuka: an kabbarta, sai a zaman tahiya mutum ya farka, bai san raka'a nawa aka yi ba. Kowa kuma tambayarsa ita ce, da me zan fara?

Ka sani tun yanzu cewa yawon hankali ba kai kaɗai yake damu ba. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bibiyi mutum 2,250, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacinsu hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Saboda haka abin da za ka koya a nan shi ne ka riƙa gane cewa hankalinka ya tafi, da wuri, ka maido shi ba tare da faɗa da kanka ba. Duk matakan da ke ƙasa wannan abu guda suke horarwa. Zan riƙa cewa "kai", amma ke ma da ke nake.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Littafin rubutu ƙarami irin na 'yan firamare, da biro ko fensir. Ƙwayar wake ko tsakuwa kamar ashirin. Faifai ko tire, da ɗankwali ko wani ƙyalle na rufewa. Agogo. Ƙwayar goro, dabino ko gyaɗa guda. In ka cire littafi da biro, duk sauran suna cikin gidanka, don haka kuɗin da za ka fitar bai taka kara ya karya ba. Abin da za ka biya da gaske shi ne lokaci: minti uku a rana a makon farko, ya kai sha biyar daga baya.

Ban ba ka shawarar sayen manhajar waya mai biyan kuɗi wata-wata ba. Yawancinsu da Turanci suke magana, suna cin data, kuma suna mayar da kai ga wayar da ita ce ta fara wargaza maka hankali.

1. Tsayar da lokaci da wuri

Kada ka ce "in na samu sarari zan yi". Sararin ba zai zo ba. Ɗaura aikin a jikin abin da ba ka fashinsa. Bayan sallar Asuba da azkar ya fi, kafin gari ya waye sosai kuma kafin ka taɓa waya. In kai mai fita gona ne da sassafe, ko ke mai shirya yara makaranta ce, to bayan La'asar ko bayan Isha'i. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, kada ka sa shi da rana tsaka. Barci ne kawai zai kwashe ka.

Wurin ya zama ɗaya kullum: zaure, gindin dalbejiyar tsakar gida, ko wata kusurwar ɗaki. Ka zauna a tabarma ko kujera, baya a miƙe, ba a jingine kamar mai shirin gyangyaɗi ba. Ka kawar da abin da ke jan ido. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa sahabinsa Abu Jahm da shi, saboda zanen ya shagaltar da shi a sallar. To ina ga ni da kai da wayarmu?

Gargaɗi: in da waya za ka auna lokaci, ka kashe data, ka saita ƙararrawa, ka kife ta nesa da inda hannunka zai kai. Leƙa saƙo guda ya isa ya cinye zaman.

2. Auna kanka da wake

Wannan shi ne ginshiƙi, kuma shi mutane suka fi son tsallakewa saboda ba shi da armashi. Zuba wake a gefen damanka. Saita minti uku. Sauke idonka ƙasa, ka bar numfashi ya shiga ya fita yadda ya saba. Duk fitar numfashi ka ƙirga: ɗaya, biyu, har goma, sannan ka koma ɗaya. Ka lura da inda kake jin sa sosai, ko a bakin hanci ko a tashi da saukar ciki, ka tsaya a nan.

Ba za ka kai goma ba sai ka tsinci kanka a wani wuri, kana lissafin bashi ko kana maimaita wata magana da aka gaya maka jiya. Da zarar ka farga, ɗauki ƙwaya guda ka mayar hagu, ka koma ɗaya. Shi ke nan. Makiyayi in ɗan maraƙi ya ratse ba ya tsayawa yi masa wa'azi, yakan tare shi da sanda ya maido shi garke ya ci gaba da tafiya, ko da sau talatin ne a yini. Haka za ka yi da hankalinka.

Idan lokaci ya cika, ƙirga waken hagu ka rubuta adadin da kwanan wata. A nan ne mutane da yawa ke karaya, domin a kwanakin farko adadin yakan ƙaru maimakon ya ragu. Hakan alama ce mai kyau. Da can hankalin kan tafi tun minti na farko bai dawo ba sai ƙararrawa ta buga, ƙwaya ɗaya ke nan. Yanzu kana kama shi sau takwas. Wanda ya mayar da wake takwas ya fi wanda ya mayar da ɗaya aiki.

Gargaɗi: kada ka riƙa jan dogon numfashi da ƙarfi, zai iya sa ka jiri. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, bar naka yadda yake. Idan kana da asma, ko kuma sa hankali a kan numfashi na tayar maka da faɗuwar gaba, bar wannan matakin ka yi ƙirgar waken da mataki na huɗu.

Yi wannan kaɗai har kwana bakwai kafin ka ƙara wani abu.

3. Abu guda a tafin hannu

A mako na biyu, bayan minti ukun numfashi, ƙara minti biyar na kallo. A shirin koyar da natsuwa da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a Amurka, da ƙwayar busasshen inabi ake yin wannan. Mu goro ya fi mana, domin yana da abin kallo da yawa.

Ɗora shi a tafin hannu ka dube shi kamar ba ka taɓa ganin goro ba. Bi tsagar da ta raba shi biyu da ido daga sama har ƙasa. Launinsa ɗaya ne ko akwai inda ya fi duhu? Juya shi. Rufe ido ka shafa shi da ɗan yatsa, ina ne sumul, ina ne da kaushi? Kai shi hanci. Ɓare shi a kusa da kunne ka ji ƙarar. Dubi cikin, ka jira ka ga yadda launin wurin da ka gutsura yake sauyawa idan iska ta taɓa shi. Sannan ka tauna ƙaramin yanki a hankali, ka bi ɗacin, ka lura da lokacin da ya fara juyewa zuwa ɗan zaƙi.

Bayan haka rubuta layi biyar, da doka guda: siffa kawai, ban da hukunci. "Ja ne mai duhu ta gefe ɗaya, da ɗigo uku baƙaƙe kusa da tsaga" siffa ce. "Goro ne mai kyau" hukunci ne. "Ya yi tsada bana" kuwa hankali ya riga ya tafi kasuwa. Wannan rarrabewar ita ce mafi wuya a duk jagoran nan, kuma ita na fi so ka riƙe. Galibinmu da zarar mun sa wa abu suna sai mu daina ganinsa. Mun ce "goro", magana ta ƙare. Haka muke yi wa mutane ma: an ce wane mai faɗa ne, daga ranar ba a sake sauraron abin da yake faɗa.

Kullum sauya abu: yau goro, gobe zangarniyar gero, jibi ganyen mangwaro, gata tsohuwar takardar naira ɗari. Za ka sha mamakin abin da ke jikin kuɗin da kake riƙewa kullum.

Gargaɗi: mai hawan jini ko mai fama da rashin barci ya bar taunar goro, musamman da dare. Mai ciwon suga ya yi hattara da dabino. Kallo da shafa da sunsuna sun wadatar. A watan azumi kuwa dabinon buɗa-baki ya dace da wannan sosai.

4. Sauraro hawa uku

Rufe ido minti huɗu. Fara da abin da ke kusa: numfashinka, motsin tufa, sauro. Sai ka faɗaɗa zuwa cikin gida da maƙwabta: daka, kukan akuya, ƙarar bokiti a rijiya, janareta. Daga nan ka miƙa kunne can nesa: injin markaɗe, babur a titi, kiran salla daga wani masallaci na wata unguwa. Sannan ka dawo baya hawa-hawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sai wuri ya yi tsit. Hayaniyar ita ce kayan aikin. Kuskure na biyu shi ne bin labarin sautin: ka ji babur, ka ce na wane ne, ina za shi da sassafen nan, ashe bai biya ni kuɗina ba. In ka kama kanka a haka, wake guda ya koma hagu. Ka tsaya a kan sautin kansa, kaifinsa, tsawonsa, inda ya fara da inda ya mutu.

Gargaɗi: kada ka mai da wannan hanyar sauraron hirar maƙwabta. In muryar mutane ce, ji tashinta da saukarta, ka bar kalmomin.

5. Wasan faifai

Wannan sai da mutum biyu, kuma yara na son sa. Wani ya jera ƙananan abubuwa goma a faifai: makulli, ashana, cokali, allura, ƙwallon goriba, maɓalli, da makamantansu, ya rufe. A buɗe maka minti ɗaya, a sake rufewa, ka faɗi ko ka rubuta abin da ka gani. In kana samun tara ko goma kwana uku a jere, a ƙara zuwa sha biyar, daga baya ashirin. In ya yi sauƙi, a sauya tambaya: ashana nawa ce, bakin cokalin ina ya fuskanta? Ko ka juya baya a ɗauke abu guda, ka gano wanne ne.

Sau biyu ko uku a mako ya isa. Kada a sa allura ko ƙananan abubuwan da jariri zai haɗiye in akwai mai rarrafe a wurin. Kuma don Allah kada a mai da shi jarrabawar da ake zagin yaro in ya manta. Yaron da ke tsoro ba ya gani.

6. Tafiya da ido buɗe

A mako na uku fitar da aikin waje. Zaɓi hanyar da kake bi kullum a ƙafa, daga gida zuwa masallaci, ko zuwa bakin titi. Kowace rana ba idonka aiki guda. Yau duk abin da yake shuɗi. Gobe ƙofofi: nawa ne na ƙarfe, nawa ne na katako. Jibi inuwa, ina take faɗuwa da safe. Wata rana kuma ka bar ido, ka ji tafin ƙafarka: inda yashi yake, inda ƙasa ta yi tauri. In ka dawo rubuta abu uku da ba ka taɓa lura da su ba.

Dalilin ba ido aiki guda shi ne ido ba ya ganin duk abin da ke gabansa, abin da aka aike shi yake gani. A wani gwaji na 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane su ƙirga sau nawa 'yan wasa suka miƙa wa juna ƙwallo a wani bidiyo. Wata mace sanye da kayan gwaggon biri ta ratsa ta tsakiyar 'yan wasan, amma kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Ka yi shekara goma kana wuce wata ƙofa, a tambaye ka launinta ka yi shiru, dalilin ke nan.

Gargaɗi, kuma wannan ka ɗauke shi da muhimmanci. Kada ka yi wannan kana tuƙa mota ko babur. A lokacin hanya ce kaɗai abin lura. Kada ka tsaya kana ƙura wa gidan mutane, shingen jami'an tsaro ko wata ma'aikata ido, balle ka fito da littafi kana rubutu a titi. A halin da yankinmu ke ciki, daga Zamfara har sassan Kebbi, ana iya ɗaukarka mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma kafin ka yi bayani an taru. Kalli a tafe, rubuta a gida. Kada ka fita bayan gari kai kaɗai da sunan neman wurin shiru. Kuma lura ba ta soke runtse ido daga abin da addini ya hana kallo ba.

7. Itace guda, shekara guda

Wannan mataki ne na mai haƙuri, sau ɗaya a mako, minti goma. Zaɓi itace ɗaya da za ka iya zama kusa da shi lafiya, ka riƙa ziyartarsa rana ɗaya, lokaci ɗaya. Rubuta halin ganye, launin ƙasa a gindinsa, tsuntsayen da suka sauka, inda iska ke kaɗowa.

In akwai gawo kusa da kai, shi na fi so ka zaɓa, domin yana saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi yake zubar da ganye, da rani kuma ya tofo. Kowane manomi ya san haka, amma kaɗan ne za su iya gaya maka a wane mako ya fara zubarwa bana. Kai za ka iya. Za ka rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa kafin ruwan farko, da ranar da ƙurar hunturu ta fara dusashe rana. Wanda ke kusa da fadama, a Argungu ko Bunza ko Yauri, yana iya sa ruwa a madadin itace: ina bakinsa ya kai wannan makon, wane launi ya yi, balbela nawa ke bin shanu. Masuntan kogin Matan Fada na Argungu da irin wannan kallon suke sanin inda kifi yake. Alƙur'ani ma a Suratul Gashiya ya tura mu mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. Ka yi zaman da niyyar tafakkuri, ka samu riba biyu.

Gargaɗi: bakin fadama da magariba sauro ne, gindin itace mai ciyawa da damina kuma ka duba maciji kafin ka zauna.

8. Shigar da shi cikin aikin yini

Daga mako na huɗu zaɓi aiki ɗaya da kake yi kullum ba tare da tunani ba, ka yi shi da cikakken hankali. Ɗaya, ba biyar ba. Alwala ta fi sauƙin farawa: sanyin ruwa a tafin hannu, yadda yake bi tsakanin yatsu, nauyin buta yana raguwa. In ta zauna, ƙara loma ukun farko na abinci, ba waya, ba magana.

Sai sauraron mutum. Sau ɗaya a rana, idan matarka ko mijinki ko yaro na magana, ajiye abin da ke hannunka, ka bari ya kai aya kafin ka fara shirya amsa. Za ka ga yadda bakinka ke ƙaiƙayin katse shi. Wannan ƙaiƙayin shi ma abin lura ne.

A salla kuwa ba ƙirgar numfashi za ka shigar ba, kada a samu ruɗani. Salla tana da abin da ake sa hankali a kansa: wurin sujada, ma'anar abin da ake karantawa, natsuwa a ruku'u da sujada. Abin da horon ya ba ka shi ne saurin farga. Da sai a tahiya kake dawowa, yanzu kafin a gama Fatiha ka gane ka tafi, ka dawo. Ga ɗalibi kuma, ajiye wakenka kusa da littafi, ka yi karatun minti ashirin, duk tafiyar hankali ƙwaya guda, sannan ka tashi ka miƙe ƙafa minti biyar.

9. Na gaggawa, idan hankali ya tashi

A bakin ɗakin jarrabawa, a layin asibiti, ko bayan mummunan labari: faɗi a zuci abu biyar da kake gani, huɗu da jikinka ke taɓawa, uku da kake ji da kunne, biyu da kake shaƙa, ɗaya da kake ɗanɗana. Bai wuce minti biyu ba. Ka gwada shi kana lafiya sau da yawa, domin a cikin firgici ba a koyon sabon abu.

Idan ka yi fashi, da lokacin da ya kamata ka ga likita

Za ka yi fashi, na kwana ɗaya ko na mako. Kada ka rama da zaman awa guda, kuma kada ka ce sai Litinin ko sai sabon wata. Koma mataki na biyu a ranar da ka tuna, minti uku. Kada ka auna ci gaba da ko ka ji daɗin zaman. Wasu ranakun hankali zai yi ta tsalle, kuma su ma sun shiga lissafi. Duba littafinka bayan mako huɗu, ka kuma tambayi na kusa da kai ko sun ga sauyi a yadda kake sauraronsu.

Akwai rashin natsuwar da wake da goro ba sa magani. Wanda ba ya samun isasshen barci, ko yake fita bai karya ba, ko yake da ƙarancin jini, ko yake shan tiramadol ko kodin, ya fara gyara wannan. Wanda kuma ya ga tashin hankali da idonsa, aka kai wa garinsu hari ko aka sace shi ko wani nasa, rufe ido a wuri shiru na iya dawo masa da abin sabo. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya tsaya a mataki na uku da na tara, kuma in jikinsa ya fara rawa ya dakata. Idan rashin barci, mugayen mafarkai, yawan firgita ko baƙin ciki sun wuce mako biyu suna hana ka aiki, ko ka fara tunanin cutar da kanka, je asibiti ka faɗa wa likita yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye. Babban asibitin garinku zai iya dubawa ko ya tura ka gaba, akwai kuma asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware a jihar Sakkwato. Ka tafi da wani ɗan'uwa da ka yarda da shi, ka kuma riƙe littafin naka, domin abin da ka rubuta game da barcinka da ranakun da abin ya fi tsanani zai taimaki likitan.